Ƙwayar ƙura biyu a cikin gilashi: wasiƙa daga Saitama zuwa Argungu

Assalamu alaikum mutanen gida, na Argungu da Birnin Kebbi da duk inda wannan rubutu ya riske ku.

Wata uku cur ƙanena yana aiko mini da saƙon murya a kan magana ɗaya. Da zan baro gida na bar masa kyamarata, Nikon D5300, da gilasai biyu: ƙaramin da take zuwa da shi, 18-55, da wani dogo 70-300 wanda labarinsa na nan tafe. Da su yake cin abinci, daga suna zuwa ɗaurin aure zuwa saukar karatu. Kullum sai ya ce, "Yaya, don Allah ka samo mini gilashi guda mai yin kusa da nesa, na gaji da kwance wanga in ɗaura wancan." Ban ga laifinsa ba, don abin ya taɓa cina a bakin Matan Fada cikin watan Maris na 2020, shekarar da bikin kamun kifi ya dawo bayan kusan shekara goma ba a yi ba. Ƙaramin gilashin ne a jikin kyamara ina ɗaukar jerin masunta da gorunansu, sai aka buga bindiga. Kafin in kwance shi in ɗaura dogon, dubban mutane sun riga sun faɗa ruwa, ƙurar da ƙafafunsu suka tayar kuma ta shige cikin kyamarar ta zauna a kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoton. Duk hoton da na ɗauka bayan nan akwai ɗige-ɗige baƙaƙe a sararin sama. Kifin kilo 78 da ya ci gasar ma na same shi, amma dishi-dishi kamar ta cikin hazo.

To ranar wata Lahadi da ba mu da aiki a filin da muke kwance motoci, na hau jirgin ƙasa zuwa Shinjuku a cikin Tokyo. Yamma da tashar nan unguwar masu kyamara take. Ga Yodobashi Camera, ga Map Camera, ga ƙananan shagunan kayan hannu a saman benaye. Ɗaya daga cikin ƙananan na shiga, da 'yar takarda a hannu na rubuta Tamron 18-400. Dalilina ɗaya ne: shi na ga ya fi kowa babbar lamba.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, ƙaramar lambar ita ce faɗin abin da gilashi ke kwasowa, babbar kuma ita ce ƙarfin jawo nesa. Daga 18 zuwa 400 ninki ashirin da biyu ke nan. A kyamara mai ƙaramin sensa irin tamu ana ninka lambar sau ɗaya da rabi, sai ya zama kamar 27 zuwa 600 a kyamara mai babban sensa, a Canon kuwa sau 1.6. Kamfanin Tamron, wanda hedikwatarsa ke nan Saitama inda nake zaune, shi ya shahara da irin waɗannan gilasai tun 28-200 ɗinsa na 1992, wannan na 400 kuma a 2017 ya fito da shi.

Wani dattijo mai furfura na tarar a bayan kanta. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya karanta, sannan ya tambaye ni wace kyamara. Na ce Nikon. Ya ce wace Nikon? Da guntun Japanancina da fassarar waya muka fahimci juna. Ashe wannan gilashin da lantarki yake buɗe ƙofar haskensa ya rufe, tsofaffin kyamarori irin su D90 da D3000 da D60 ba su iya sarrafa shi. Zai ɗauru daram, amma aiki ba zai yi yadda ya kamata ba. Ku tuna masu hoto nawa ne a garuruwanmu har yau D90 ce jarinsu. Da ita ce a hannun ƙanena, da na yi cinikin biri a sama. Da na ce D5300, sai ya gyaɗa kai.

Bai ɗauko kaya ba tukuna. Sai da ya tambayi me ake ɗauka da shi. Na buɗe masa bidiyon Argungu a waya. Sau biyu ya kalla, ya kira wani yaron shagon shi ma ya zo ya gani, suna nuna mutumin da ya kifa ciki a kan gora yana iyo da koma a hannu biyu. Na gaya musu tun 1934 ake bikin nan, UNESCO ma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Wallahi a lokacin sai da maƙogwarona ya ɗaure, don na daɗe ban ga wanda ya tambaye ni garinmu ba. Daga nan na nuna masa hotunan kamu da walima da ƙanena ke ɗauka da dare a tsakar gida, da ƙwan lantarki ɗaya. Nan ya girgiza kai.

Ya ɗaura gilashin a wata kyamara irin tamu, ya kai ni bakin taga, ya ce in ɗauki wani allon talla can nesa a 200, in sake ɗauka a 400. Ya buɗe su a kwamfuta gefe da gefe. Na 400 ya fi kusantowa, amma rubutun ya yi laushi, gefunansa ba su da kaifin na 200. Sai ya ce in juyo in ɗauki lungun shagon inda ba haske sosai. A 18 ƙofar haske tana kan f/3.5, ina murɗa zum tana tsukewa har ta kai f/6.3, hoton kuma ya fito da tsaki-tsaki. Ya ce da rana a bakin kogi wannan gilashi zai yi wa ƙanenka duk abin da yake so, da dare kuwa zai ba shi kunya a gaban amarya, sai fa da filas. Ya ƙara da cewa na'urar rage rawar hannu da ke ciki, wadda Tamron ke kira VC, Nikon VR, Canon IS, hannun mai ɗauka take tsayarwa, ba ta tsayar da mai rawa ko mai gudu. Mai kaya ne fa yake lissafa mini inda kayansa ya gaza, tun ban tambaya ba.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne abin da ya biyo baya. Gilashin iri ɗaya guda biyu ya ajiye a kan wani ƙyalle, kuɗinsu ya bambanta. Na jujjuya su ban ga bambanci ba, ba ƙwarzane ba lotsawa. Sai ya ɗauko 'yar tocila, ya haska ta bayan mai arahar, ya ce in leƙa ta gaba. Da ƙyar na hango su: ƙwayar ƙura biyu, ba su kai ƙwayar gero ba. Saboda su aka sauke shi daga daraja ta farko zuwa ta ƙasa da ita, aka rage kuɗi, aka kuma rubuta a katin da ke rataye a jikinsa. Ya ce ba za su fito a hoto ba, ya ɗauki farin bango da shi ya nuna mini don gani ya kori ji. Ya ce duk gilashin zum haka yake, yana miƙewa yana komawa kamar zuga-zugi, dole ya shaƙi iska da abin da ke cikinta. Da ya yi shiru ya sayar mini a kuɗin wancan, har abada ba zan sani ba.

Ina tsaye a wurin dogon gilashin nan 70-300 ya faɗo mini. A wata babbar kasuwa na saye shi, da kuɗin da na yi wata takwas ina tarawa. Mai shagon, ɗan uwana Musulmi, ya rantse da Allah cewa bai yi aikin sati biyu ba a Turai. Shagon duhu, ya ce ba wuta, ba batir da za a gwada. Sai da na dawo gida na ɗaga shi a rana na ga funfuna ta yi saƙa a ciki kamar yanar gizo-gizo. Ita ce hazon da ya ɓata mini hoton kifin. Na sake kashe kuɗin mota na koma, mutumin ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya nuna mini ƙasan rasit inda aka rubuta kaya in sun fita ba su dawowa. Maƙwabtansa suka taru suna ba ni haƙuri, wai haka kasuwa take.

Haka kasuwa take a wurin wa? Mu ne muka haddace hadisin nan tun muna makarantar allo, Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya ce me ya sa ba ka sa shi a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Mu ne ke jin sa a wa'azi duk azumi. Amma buhun shinkafa mai kyau a baki, tsakuwa a gindi. Waya an canza mata allo a ce fil take a leda. Dattijon nan bai san hadisin ba, bai rantse mini ko sau ɗaya ba, tocila kawai ya kunna. Ni kaina da zan taho na sayar da mashin ɗina, na san yana shan baƙin mai, mai saye bai tambaya ba na yi gum. A jirgin komawa Saitama abin ya yi ta cina, sai da na nemo lambarsa na roƙe shi gafara na tura masa kuɗin gyara.

Kada ku ɗauka komai a nan zuma ne. Ba a ciniki. Na ce ya rage mini, ya sunkuya ya ba ni haƙuri, ko yen ɗaya bai sauka ba. Ba albarka, ba sallama, ba gyara, ba wanda zai ce Allah ya sa a kashe lafiya. Ka zuba kuɗi a ɗan faranti, a zubo maka canji a ɗan faranti. Harajin kashi 10 cikin ɗari na biya, alhali ɗan yawon buɗe ido da ke bayana ya nuna fasfo an yafe masa, ni da nake zuba gumi a ƙasar ban cancanta ba. Garantin wata shida da suka ba ni kuma a cikin Japan kaɗai yake aiki, da gilashin ya sauka a Najeriya takardar ta zama ta ƙunshin ƙosai. Gyara a nan tsada ne da shi har mutum ya gwammace ya sayi wani, in kaya ya tsufa kamfani ya ce ya daina kayan gyaransa. A nan na yi kewar masu gyaranmu, mutum na zaune a kan benci da sukundireba da ƙaramin burushi, ya warware gilashi ɗaiɗai ya mayar, kuna hira yana aika yaro ya sayo muku shayi.

Amma ajiya sun fi mu nesa ba kusa ba. Damina a nan cikin Yuni da Yuli danshi ne kamar a matse iska, shi ya sa mai kyamara yake da ɗan akwatin lantarki mai busar da iska inda yake ajiye gilasai. Mu kuwa a jefa kyamara a jaka, a cusa ƙarƙashin gado duk tsawon Agusta, a zo ana mamakin funfuna. Bokitin roba mai murfi da ya rufu gam, da ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, sun isa. Goge gilashi da bakin riga kuma, don Allah a bari. Ƙurar hunturu yashi ce, gogawa ɗaya ƙwarzane ɗaya. A fara hure ta da ɗan famfon roba. Sai kuma son babban gilashi don mutane su ce wane ƙwararre ne. Na san waɗanda ba su taɓa wuce tsakar gida da zaure da kyamararsu ba, waɗanda 18-140 na Nikon ko 18-135 na Canon zai ishe su, ya fi sauƙin ɗauka, ya fi araha, hoton ya fi kaifi. Masu sababbin kyamarori marasa madubi su ma da nasu: 24-200 na Nikon, 24-240 na Canon, 18-300 na Tamron ga masu Sony da Fujifilm. Kowanne bakinsa daban, a duba kafin a biya.

Mai ƙurar na ɗauka. Nauyinsa ya ɗan haura giram 700, dattijon ya nuna mini ɗan makullin da ke riƙe shi a 18 don kada ya zazzago in an rataya a wuya. Rarar kuɗin na cika na sayi ƙaramin 35 na Nikon mai f/1.8, shi ma na hannu, don aikin dare, da tabarau mai faɗin milimita 72 da za a rufa a gaban babban saboda ƙura. Katin da aka rubuta aibin ma na sa a cikin kwalin. Wani ɗan Jega da zai je ganin gida ya tafi da su.

Sati uku bayan nan ina cikin jirgi da safe, lokacin a gida dare bai daɗe da rabawa ba, hoto ya shigo. Daga bakin gaɓa ƙanena ya ɗauka, da hantsi. Wani masunci ne shi kaɗai a tsakiyar ruwa a kan gorarsa, har ɗigon ruwan da ke gemunsa ana gani. Bayansa ga fadamar shinkafa ta yi kore shar. Sai saƙon murya: "Yaya, ko motsawa ban yi ba daga inda nike." Na buɗa hoton da yatsu biyu ina neman ko zan gane mutumin, har jirgin ya wuce tashar da nake sauka.