Zuwana wurin ƙwararriyar abinci bayan an ce kitsen jinina ya yi yawa

Shekarata 28, kuma kusan kullum da yamma ina filin ƙwallo. Ranar Asabar bayan sallar asuba nakan yi gudu daga Ƙofar Mata in zagaya filin wasa na Sani Abacha in dawo gida. Ba ni da tumbi. Shi ya sa ranar da na je gwajin lafiya don neman aiki, likita ya ce kitsen jinina ya yi yawa, na ɗauka takardar wani aka ba ni. Aka sake gwajin da safe, ban ci komai ba tun bayan isha'i, sakamako ya dawo yadda yake: jimillar kwalastarol, wato kitsen jinin, 6.9, alhali ana so kada ya wuce 5.2. LDL kuwa, nau'in kwalastarol ɗin da ke taruwa a bangon jijiyoyin jini, 5.0. Likitan ne ya tura ni wurin wata ƙwararriya a harkar abinci, a wani asibiti mai zaman kansa a nan Kano. Sau uku na je.

Bari in fara da abin da bai yi min daɗi ba. An ce in zo ƙarfe goma, sai sha ɗaya da rabi na shiga, kuma haka aka maimaita a zuwa na biyu. Takardar da suke raba wa kowa a bakin ƙofa da Turanci take, cike da abincin da ba za ka samu a kasuwar Rimi ba. Da a nan aka tsaya, da na ce asarar kuɗi ce.

Amma Hajiyar da ke ciki ko kallon takardar ba ta yi ba. Biro ta ɗauka ta ce, "Ɗana, faɗa min abin da ka ci jiya tun daga safe." Na lissafa mata: shayi da burodi da bota da soyayyen ƙwai wurin mai shayi, shinkafa da miyar manja da rana, balangu da kayan ciki bayan an tashi daga ƙwallo, tuwo da man shanu da dare. Ta rubuta duka ba ta ce uffan ba. Sai ta tambayi gidanmu. Da na ce mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bugun zuciya ne ya ɗauke shi yana da shekara 51, sai ta ajiye biron.

Na ce, "Hajiya, ai ni ina motsa jiki." Ta ce motsa jiki yana ƙarfafa zuciya, yana taimaka wa HDL, nau'in kwalastarol mai kwashe kitse ya mayar wa hanta, amma mafi yawan kwalastarol hanta ce ke yin sa da kanta. Akwai yawan kwalastarol da ake gado, yana samun kusan mutum ɗaya cikin 250, kuma siriri ma bai tsira ba. Ta ce 'yan'uwana duka su je gwaji. Wannan maganar kaɗai ta biya kuɗin ganinta, wanda ma bai kai kuɗin takalmin ƙwallo ba.

Wajen abinci ta fi burge ni, domin a tukunyar gidanmu ta yi aikinta. Ta jawo durowa ta fito da cokalin cin abinci ta ajiye a gabana, ta ce da shi za a riƙa auna mai, a daina tuttulawa daga kwalba. Man shanu da bota a ajiye su. Manja a rage, don kusan rabinsa irin kitsen nan ne mai daskarewa. Man gyaɗa ya fi, amma ban da wanda aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi. Ta ƙara min wake da alale da miyar kuɓewa da kwaɗon zogale, da gasasshen kifi sau biyu a mako. Ba ta hana ni tsire ba: sau ɗaya a mako, tsoka zalla, in tsaya a kan mai nama ya cire kitsen ina gani. Na tambaye ta batun tafarnuwa da lemon tsami da abokai ke ta turo min, ta ce in ci tafarnuwata a miya, amma kada in ɗauke ta magani.

Bayan wata uku LDL ya sauko zuwa 4.4. Na yi murna, ita kuwa ta gaya min gaskiya: abinci ya yi iya nasa, saura aikin likita. Ta mayar da ni wurinsa, ya ɗora ni a kan atorvastatin, maganin rage kwalastarol, ƙwaya ɗaya kullum, ya ce in na ji ciwon tsoka da ba na ƙwallo ba in dawo da wuri. Na girmama ta a kan wannan, don da ta so, da ta riƙe ni ina ta biyan kuɗin zuwa.

Wanda zai je, ya tafi da takardar gwajinsa, ya rubuta abin da ya ci na kwana uku, ya kuma tambayi manya ciwon da ke cikin dangi kafin ya fita. Yayana da ƙanwata sun yi nasu gwajin makon jiya. Na ƙanwata lafiya lau, na Yaya ya hau, kuma ranar Talata ni zan raka shi.