Sharhi kan ƙaramar tukunyar furofen mai giram 425 da mahaɗin ɗura mata gas

Injin jet ɗin da nake da shi tsoho ne, ƙirar JetCat P80 na zamanin da ba a tayar da waɗannan injina sai da iskar gas, kuma tun da na fara tashi da ƙaramin jirgin sama na rimot da ke ɗauke da shi a filin ƙungiyarmu da ke kudancin Jamus, gwangwanin gas na masu zuwa yawon daji nake saye. A bara na gaji da hakan, na sayi ƙaramar tukunyar ƙarfe mai cin giram 425 na furofen (propane, wani nau'in gas), irin wadda masu aikin rufin gida da masu walda ke ratayawa, tare da mahaɗin tagulla da ake ɗura mata gas da shi daga babbar tukunya mai kilo 11. Yanzu na shekara guda da su, na ga sanyi na ga zafi, don haka ina da abin faɗa.

Aikin gas a wannan inji ɗan kaɗan ne, amma idan bai yi ba babu abin da zai biyo baya. Wani ɗan injin lantarki ne ke fara juya injin, sannan a saki gas cikin ɗakin ƙonewa, fulogi ya kunna shi, sai ƙaramar kwamfutar injin ta jira zafi ya kai inda take so kafin ta buɗe wa famfon kananzir hanya. Da zarar kananzir ya kama, an gama da gas, injin ya zauna yana juyi kusan sau 35,000 a minti guda. Matsalar gwangwanin kanti ita ce yawancin abin da ke cikinsa butan ne (butane, wani nau'in gas dabam), shi kuwa butan yana daina zama iska idan sanyi ya kai kusan digiri sifili, alhali furofen bai fara wannan ƙyuyar ba sai an kai digiri 42 ƙasa da sifili. Na sha tsayawa da safiyar watan Janairu rungume da gwangwani a cikin rigar sanyi kamar mai renon jariri, domin ya ɗumama ya yarda ya fito. Tun da na koma tsantsar furofen ban sake yin haka ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya biya kuɗin kayan.

Ita tukunyar ba ni da abin zarginta da shi. Ƙarfenta mai kauri ne, an yi ta ne domin a riƙa sake cika ta, ba kamar gwangwanin da ake yarwa ba, wanda wasu ke ƙoƙarin yi wa ɗuri duk da cewa ba a ƙera shi don ya jure matsin furofen ba. A digiri 20 matsin furofen ya kai wajen bar 8 (bar ma'aunin matsi ne), na butan kuwa wajen bar 2 ne kawai, saboda haka dole ne a sa mata na'urar rage matsi kafin a haɗa ta da siririn tiyon da ke zuwa injin.

Wajen ɗurin ne aikin yake. Ana juya babbar tukunyar a kife domin ruwan gas ya sauko, ba iskarsa ba, a ɗaure mahaɗin a bakinta (zaren bakin tukunyar gas na nan ƙasar na hagu ne, kuma ranar farko na ɓata mintuna ina murɗawa dama ina mamakin abin da ya hana shi shiga), a haɗa ƙaramar a ƙasa, sannan a sassauta ɗan bawul ɗin numfashi da ke wuyanta. Yayin da iska ke fita ta nan, ruwa yana shiga, kuma da zarar abin da ke fitowa ya koma fari kamar hazo, ta cika ke nan, sai a rufe. Wannan ɗan bawul shi ne abin da ya fi burge ni a dukan kayan, domin an yi shi ne yadda zai bar sarari a saman tukunyar. Ba a cika tukunyar gas fiye da kashi 80 cikin 100, saboda ruwan furofen yana kumbura sosai idan ya ji zafi, kuma tukunyar da aka cika har baki aka bar ta a bayan mota da rana tsaka ba abin wasa ba ce.

Duk da haka ban yarda da ido kaɗai ba, kuma wuya ce ta koya mini. Wata rana ina sauri na bar bawul ɗin yana feshi na ɗan lokaci kafin na rufe, na isa fili na jingina tukunyar a karkace a jikin akwatin kaya, na danna tayarwa. Ruwan gas ne ya bi tiyo maimakon iska, shi kuwa idan ya koma iska yana ninka girmansa kusan sau 270, sai ga harshen wuta ya fito ta bayan injin ya lashi fentin wutsiya. Abin kashe gobara mai iskar kabon da ke gefena ne ya raba gardama. Laifina ne gaba ɗaya, amma tun daga ranar nake ɗora tukunyar a kan sikelin kicin kafin ɗuri da bayansa, in cire nauyinta na wofi da aka buga a jikinta, kuma ba na tayar da inji sai tana tsaye cak.

Inda nake da ƙorafi shi ne mahaɗin. Takardar da ta zo da shi ba ta ce uffan game da awo ko tsayar da tukunya ba, kuma zoben robar da ke bakinsa ya ƙage bayan watanni kaɗan ya fara yoyo, wanda ban gano ba sai da na shafa ruwan sabulu na ga kumfa na tashi. Babu zoben canji a cikin kwalin, sai da na nemo wanda ke jure gas a wani shago dabam. Haka kuma babu abin da zai riƙe babbar tukunya a kife, kuma riƙe tukunya mai wannan nauyi da hannu ɗaya ana murɗa bawul da ɗayan ba dabara ba ce, don haka na haɗa mata mazauni na katako. Ina yin ɗurin a waje, nesa da ramin kwata da tagar ɗakin ƙasa tunda furofen ya fi iska nauyi yana kwanciya a ƙasa, kuma da safar hannu, domin ɗigon ruwansa a fata yana ƙuna kamar wuta.

Wanda ya sayi sabon inji mai tashi da kananzir kai tsaye ba shi da buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan kaya. Mai tsohon inji irin nawa kuwa, ina ba shi shawarar ya saya, amma ya haɗa da sikeli da zoben roba biyu ko uku a ranar da zai biya kuɗin, domin cikawa ɗaya takan kai ni makonni da yawa na tashi, kuma har yanzu ban gama da babbar tukunyar farko ba.