Tsohuwar uwar maƙerar da na saya a hannun 'yan gwangwan, bayan damina biyu

Ni ba ɗan gado ba ne a ƙira, haye na yi. Noma da kiwo muka taras a gida, amma tun ina yaro nake raɓewa a rumfar wani dattijo maƙeri a ƙauyenmu na ƙasar Gaya da muke kira Baba, ina yi masa zuga. A nan ba a raina ƙira, don mun tashi muna ji a bakin manya cewa maƙeran Gaya ne suka bi tama har Dutsen Dala tun Kano ba ta zama birni ba. Da na yi niyyar kafa tawa rumfar, masaba da awartaki Baba ne ya ƙera mini da hannunsa. Uwar maƙera ce ta gagara. Tasa ta gado ce, 'yar dunƙulalliya da aka kafe a gungume, kuma ko da wasa ba zai rabu da ita ba.

Wata Juma'a a kasuwar Wudil na hango wata cikin tarkacen 'yan gwangwan, irin ta Turawa mai ƙaho a gaba da huji biyu a baya, ɗaya mai kusurwa huɗu, ɗaya zagayayye. Tsatsa ta rufe ta, tsakiyar fuskarta ya lotsa, gefe ɗaya duk a gutsure, ga tsinin ƙahon ya karye. Juma'ar da ta biyo baya na ɗauko Baba a babur.

Bai ko kalli tsatsar ba. Ya karɓi ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa fuskar daga ƙaho har baya, ya kasa kunne. Na ce, "Baba, anya kuwa? Dubi gefen nan fa." Ya ce, "Kai ɗan nan, amarya ka zo nema ko maƙera? Saurara." Kowane bugu sai ta yi ƙara siririya mai tsawo, gudumar kuma ta yi tsalle ta dawo masa da kanta. Wuri ɗaya ne kawai, can kusa da hujin baya, ya ba da sauti a dushe, kaf-kaf. Ya ce nan fuskar ta fara rabuwa da jiki, in kiyaye shi da duka mai nauyi. Abin da ya sa haka, irin waɗannan tsofaffi jikinsu ƙarfe ne mai laushi, aka haɗa masa farantin ƙarfe mai tauri a sama. Wannan farantin shi ne maƙerar. In ya ɓare, ko gobara ta cinye taurinsa, abin da ya rage maka dutsen ɗaure akuya ne. Sababbi masu araha na narkakken ƙarfe da ake kawowa yanzu, in ka buga su kamar ka bugi bangon ƙasa, ba ƙara ba tsalle.

Da kilo aka sayar mini, sai da na kai raguna kasuwa na cika kuɗin. Bayan na wanke ta da kananzir da burushin waya ne wasu lambobi suka fito a jikinta: 1, 0, 12. Tsohon awon Ingila ne. Lambar farko kowace ɗaya laba 112 ce, ta tsakiya laba 28, ta ƙarshe kuwa labobin da suka yi saura. Tawa laba 124 ke nan, wajen kilo 56, kuma ya yi daidai da abin da sikelin mai gwangwan ya nuna.

Wahalar farko ita ce zama. An yi ta ne don mai ƙira a tsaye, mu kuwa a zaune muke aiki, wuta a gefe, kaya a gaba. Na ɗora ta a kan kututture na gwada tsayuwa, kwana uku ƙuguna ya ce bai san zancen ba, kuma zuga-zugin namu na ƙasa ne. Sai na haƙa rami, na binne gungumen ƙirya, na zaunar da ita ciki har fuskarta ta zo daidai inda masaba ke sauka shimfiɗe in ina zaune. In ta yi sama, gefen masaba ne zai riƙa sarar aikin, in ta yi ƙasa, bayanka ne zai biya. Na ƙera manyan ƙusoshi huɗu na lanƙwasa su a kan ƙafafunta. Kafin nan tana rawa, rabin ƙarfin dukan yana tafiya a banza. Ƙarar da ta burge ni a kasuwa ita ce kuma ta kusa haɗa ni da maƙwabta, har wata gwaggona ta aiko a tambaye ni ko makarantar boko na buɗe. Na shimfiɗa mata robar tsohuwar taya a ƙasa, na naɗa mata sarƙa a ƙugu, sai muryar ta lafa.

Ga inda na yi wauta. Gutsuren gefen nan ya tsaya mini a rai. Ban shawarci kowa ba na kira wani mai walda ya cike mini mafi girman giɓin, ya goge shi ya yi sumul. Bai ɗumama maƙerar ba kafin ya fara, kuma da sandar waldar ƙofa ya yi. Ba a yi wata guda ba, ina cikin buɗe bakin fartanya, cikon ya fashe ya tafi da wani yanki na ainihin fuskar, ɓarɓashin ya same ni a ƙwauri. Har yau tabon yana nan. Allah ya sa ba ido ba ne, tun ranar kuma nake sa tabarau ko da abokai na yi mini dariya. Mai waldar ya so ma ya gurje fuskar gaba ɗaya ta daidaita, ƙarancin kuɗi ne ya hana ni yarda, ba wayo ba. Da an yi, da an cinye taurin da ya rage. Baba da ya gani cewa ya yi, "Ta shekara nawa da wannan giɓi tana ciyar da wani, kai ne za ka sa mata haƙori?" Abin da ya sa na yi shi ne in bi gefen da magagari in dasashe kaifin gutsuren don kada ya ci gaba da tsagewa.

Lotsawar tsakiyar da nake ƙi kuwa, yanzu ita na fi amfani da ita. Sifirin mota muke yanka mu yi lauje da wuƙa da gatari, kuma in ƙarfe ya karkace, a kan lotsen nan yake miƙewa da bugu biyu, abin da shimfiɗaɗɗen wuri ba ya yi da sauƙi. Kwarin fartanya ma a nan nake fara shi. Inda take cutar da ni shi ne aikin da ke son kusurwa mai kaifi, kamar lanƙwasa maratayin ƙofa, don ba ta da sauran gefe mai kaifi ko ɗaya. Na samo guntun ƙarfe mai kauri aka yi masa ƙafar da ke shiga hujin nan mai kusurwa huɗu, a kansa nake irin wannan aiki. Yankan ƙarfe kuma ba na yi a kan fuskarta sai na shimfiɗa wani falle mai laushi. Sabon hannu ba ya rasa kuskure, na sha bugun fuskar da masaba ba ƙarfe a tsakani, kuma da sabuwa ce mai tsada da kowane tabo ya hana ni barci.

Kulawarta ba ta da yawa. Kullum na tashi daga aiki ina share ɓawon ƙarfe, in shafa mata baƙin mai da tsumma, in rufe da buhu. A damina in na yi sakaci kwana biyu sai in tarar ta yi ja. Da hunturu kuma tana kwana da sanyi, tana zuƙe zafin ƙarfe tun kafin in yi bugu biyar, don haka nake ɗora mata jan ƙarfe mai kauri ta ɗan ɗumama kafin in fara.

Wanda aikinsa fartanya da lauje da gyaran garma ne, in ya samu irinta mai ƙara da tsalle, ya saya ko da ta fi tawa muni. Wanda bai samu ba, kada ya zauna jira, guntun ƙarfen dogo da aka sayo ta halal ko kan babbar guduma da aka kafe a gungume sun ishe shi fara koyo. Nauyinta ma abin dubawa ne ga mai bin kasuwanni da kayan aikinsa, wannan ba ta hawa keke. Ƙahon ne har yanzu ban ƙware da shi ba, sai ga Baba da ya ce kayan Turawa ne, duk sanda aka kawo masa aikin zoben turke ko linzami, a rumfata yake yini.