Jikan mafarauci a ajin yara

Kakana na wajen uwa mafarauci ne, kuma a hannunsa na tashi. Tun ina ɗan shekara tara nake ɗaukar masa burgami, ina bin karnuka a guje idan an tayar da zomo. Shi ya sa da wani abokin aikina, dattijon Bature a nan jihar Wisconsin ta Amurka, ya ce in zo mu je farautar barewa a dajin gwamnati, nan take na amsa, har da ce masa gado na yi. Ya ce to madalla, amma sai na yi makaranta tukuna. Dokar jihar ce: duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 zuwa yau, sai ya yi kwas na koyon riƙe bindiga ya ci jarrabawa.

Ranar farko na shiga aji na tarar da yara. Yara fa, 'yan shekara sha ɗaya, sha biyu, iyayensu na zaune a baya. Ni da furfura a gemu aka ba ni kujera a tsakiyarsu. Na haɗiye. Da aka fito fili, aka miƙo mana bindigogi marasa harsashi, aka ce kowa ya gwada yadda zai tsallake shingen waya. Na rataya tawa a kafaɗa kamar yadda kakana yake rataya adakarsa, na juya ina neman wurin taka ƙafa. Sai wata yarinya da ba ta kai 'yata ta biyu ba ta ɗaga murya ta ce bakin bindigata yana kallonta. Malamin ya tsayar da kowa. A gaban yaran nan ya sa na maimaita ƙa'idoji huɗu: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, ka san inda bakinta ya nufa, ka tabbatar da abin da za ka harba da abin da ke bayansa, kada yatsanka ya taɓa kunama sai ka shirya. Wallahi gumi na yi cikin sanyi. A mota ina ta huci, wai ni za a koya wa bindiga. Kafin in isa gida na tuna da wani maƙwabcinmu da ya rasa ido a farauta, aka ce ƙaddara ce, aka watse. Har yau idan na ɗauki bindiga muryar yarinyar nan nake ji.

Lasisi a waya na saya, dala 5 saboda sabon shiga ne ni, na sauran mazauna jiha dala 24. Ban ga fuskar kowa ba, balle a ce in kawo na goro. Dajin kuwa na kowa ne. Gandun Chequamegon-Nicolet kaɗai ya kai eka miliyan ɗaya da rabi, ka ajiye mota ka shiga. Tun 1937 Amurkawa suke da dokar da ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsashi, yanzu kashi 11 cikin 100, kuɗin na tafiya ga kula da namun daji. Mu kuma a cinna wa daji wuta saboda gafiya, a haska dabba da fitilar goshi, mai ciki da mai shayarwa duk a kwashe. Yaushe rabon da wani a garinmu ya ga barewa a sake? Rugu da Kamuku ma yanzu wa ya isa ya shiga?

Amma farautarsu ba daɗi, gaskiya. Lokacin bindiga kwana tara ne kacal a ƙarshen Nuwamba. Mutum fiye da rabin miliyan ke fita, kowa sanye da riga da hula masu ruwan lemo don kada a ɗauke shi dabba. An hana sakin karnuka. Ba kalangu, ba kirari, ba ihu. Tun kafin asuba ka jingina da itace ka yi shiru, ko tari sai ka danne, yatsun ƙafa su mutu. Ina zaune ina tuna ƙurar rani da haushin karnuka da rigimar wa ya fara jifa, har ƙwalla ta zo mini, ban san ko sanyi ne ba.

Rana ta biyu da yamma wata ta fito fili, ƙatuwa, ta ninka barewarmu. Na ɗaga bindiga, dattijon ya dafa kafaɗata ya nuna agogo. Lokacin harbi yana ƙarewa minti 20 bayan faɗuwar rana, kuma ya wuce da kaɗan. Ba jami'i, ba kowa a dajin sai mu biyu. Muna kallo ta ɗaga farar wutsiyarta ta tafi. Ban yi masa magana ba har muka isa mota.

Rana ta biyar Allah ya ba ni. Na yi bisimilla na harba, na same ta da sauran rai na yanka. Rajistar dabbar da aka harba ma a waya ake yi, kafin ƙarfe biyar na yammacin washegari. Sai mahauci. Na kai masa, yana cike takarda ya tambaye ni ko a niƙa wani sashe da kitsen alade kamar yadda suka saba, tunda naman ba shi da mai. Na ce a dawo mini da abata. A gareji muka feɗe ta ni da maiɗakina, tana mita tana riƙe ƙafa. Yajin da Hajiya ta aiko bara ya ƙare a kan tsiren farko. Duk mai tahowa, don Allah ya biya ta wajenta ya karɓo mini wani.