Darussan Ctrl+Paint a idon ɗan koyo

Sana'ata haɗa katin biki da kalanda a kwamfuta, amma a ce in zana ko kofin shayi da hannuna, nan ne gizo ke saƙar. Hoton wasu nake ɗaukowa in yanke in manna. Shi ya sa na sayi ƙaramin allon zane na hannu, irin mai alƙalami da ake jonawa da laftof, na shiga neman malami a intanet. Masu koyarwa sun yi yawa, sai dai galibinsu gwaninta suke nunawa: a matse aikin wuni guda cikin minti uku, a ɗora kiɗa, ka gama kallo baki buɗe, hannunka bai ƙaru da komai ba.

Ctrl+Paint daban yake. Shafi ne na wani Ba'amurke, Matt Kohr, wanda ya yi aikin zane a masana'antar wasannin kwamfuta. Babban rumbun bidiyonsa kyauta ne, kuma yawancin darussan ba su wuce minti biyar ko kusa da haka ba, kowanne abu ɗaya tak yake koyarwa. Abin da ya fi burge ni shi ne jerin. An tsara su babi babi, ka san abin da za ka kalla yau da wanda ke biye, ba ka yawo kamar akuyar da ta tsinke igiya. Ga mai lissafin data ma, gajeren bidiyo rahama ne.

Kada ka yi mamaki, tun da wuri zai mayar da kai kan fensir da takarda. Ya ce ka ajiye wani abu a gabanka, ka auna tsawonsa da faɗinsa da ido, ka zana abin da kake gani ba abin da kake zato ba. Na ɗan ji haushi, don ba fensir na kashe wa kuɗi ba. Amma butar alwala da na zana a takarda ita ta nuna min cewa matsalata ba ta manhaja ba ce, kallo ne ban iya ba.

Darasin da ya biya ni wahalata shi ne na haɗa launi. Kayan aiki uku kawai ya dogara da su: buroshi, magogi, da ɗan abin tsotso launi daga jikin hoto. Ka zana da'ira, ka shafa toka mai duhu a gefe, mai haske a ɗaya gefen. Ka rage ƙarfin buroshi, ka ɗan shafa mai duhun a kan iyakarsu, sai wani launi na tsakiya ya fito. Ka danne maɓallin Alt ka tsotsi wannan sabon, ka sake shafawa, ka sake tsotsa. Kafin ka ankara da'ira ta kumbura ta zama ƙwallo. Haka dabarar leya ta wucin gadi (leya shimfiɗa ce da ake zane a kanta daban, a saman sauran hoton): ka buɗe sabuwar leya, ka zuba inuwa har ta zarce inda kake so, ka share rarar da magogi, gefe ɗaya ya fita tas ɗaya kuma ya narke, sannan ka haɗe ta da ta ƙasa. Da baƙi da fari ake farawa, launi sai daga baya, kuma gaskiyarsa, domin idan haske da inuwa ba su zauna ba, ja da shuɗi ba za su cece ka ba.

To, ga inda za a yi shiri. Da manhajar Photoshop yake koyarwa, ita kuwa kuɗin haya ake biya. Ni Krita nake amfani da ita, wadda kyauta ce, kuma kusan duk abin da ya nuna yana yiwuwa a cikinta, illa maɓallan sun ɗan saɓa: a Krita Ctrl ake dannewa a tsotsi launi. Da Turanci yake magana, amma a natse, kuma hannunsa na nuna rabin bayanin. Mai zane a waya da manhajar ibisPaint zai amfana da darussan kallo da na inuwa, na maɓallai kuwa ba nasa ba ne. Akwai kuma dogayen darussa na sayarwa da dala, ban kai gare su ba.

Babban giɓin, wanda duk karatun bidiyo ke da shi, babu mai duba aikinka. Kana iya maimaita karkataccen hanci wata da watanni bidiyo bai ce maka uffan ba. Ni wani dattijo mai rubutun allon shaguna a layinmu nake kai wa. Bai taɓa riƙe alƙalamin kwamfuta ba, amma kallo ɗaya ya yi wa butata ya ce, "Yaro, hasken nan ta ina yake shigowa? Na ga inuwa hagu da dama."