Yaron da ya gyara min wifi na laftop a Garwa ta Kamaru, sharhina bayan wata ɗaya

Jama'a na ce bari in rubuta wannan tunda na sha ganin mutane suna kukan irin matsalar nan. Laftop ɗina ta hannu ce, na saye ta a wajen wani da yake kawo su daga Amurka, tana aiki lafiya lau, amma wifi na gida ya so ya haukata ni. Boks ɗin, wato na'urar da ke ba da wifi, yana falo, wayata ta kama, ta uwargida ta kama, har tsohuwar wayar da yara ke kallon katun da ita ta kama, laftop kuwa sunan reson ma ba ta gani, sai na maƙwabta ne jere reras. Abin haushin kuma ba kullum ba ne, yau ta gani gobe in an ɗauke kuran, wato lantarki, aka dawo da shi shikenan reson ya ɓace, sai kace aljani.

Na fara kai ta wani shago kusa da babbar kasuwa, mutumin ko kunna ta bai gama yi ba ya ce sai an yi fomatin, wato a goge komai a sake sa Windows, in bai yi ba kuma katin wifi ne ya mutu a sayi sabo. A shagon nasa kuwa ta kama reso nan take a gabansa! Na ce to katin da ya mutu ne yake kamawa? Ya hau kame-kame, na naɗe kayata na hau moto na dawo unguwarmu Yelwa cikin ranar nan ta Afrilu da ta haura digiri 40.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da yaron nan. Laifinsa ɗaya zan fara faɗa, ya ce min bayan azahar, bai iso ba sai da aka kusa kiran magariba, kuma waya ba ya ɗagawa. Wannan kam ya gyara.

Amma da ya zauna wlh na ga bambanci. Tambayar farko da ya yi min ita ce, "Yallaɓai, daga wace ƙasa aka kawo ta?" Na ce Amurka. Sai ya yi murmushi ya ajiye laftop ɗin gefe, ya juya boks ɗin ya karanta ƴar takardar da ke manne a ƙasansa, ya karɓi wayata ya buga 192.168.1.1 a burauza ya shiga saitin. Ya nuna min da yatsa, ga shi nan, tasha tana kan otomatik kuma boks ɗin ya zaɓi 13. Bayaninsa shi ne wifi na 2.4 GHz tashoshi ne daga 1 zuwa 13 a yawancin ƙasashe, amma a Amurka 1 zuwa 11 ake amfani da su, to wasu katunan da aka saita don can ba sa ganin 12 da 13 kwata-kwata. Shi kuma boks duk lokacin da ya mutu ya tashi sai ya sake zaɓen tasha da kansa, shi ya sa abin ke bin ɗaukewar kuran. In ya faɗa 6 laftop ta gani, in ya faɗa 13 ta makance. Ya cire otomatik ya kafe shi a 6, ya ce 1 da 6 da 11 su ne ba sa hawa kan juna, kafin uwargida ta kawo shayi sunan reso ya fito.

Sai kuma kod ɗin wifi ya ƙi shiga, sau uku, har zuciyata ta fara tafasa. Ashe madannan laftop ɗin QWERTY ne na Ingilishi amma Windows ɗin an sa mata tsarin Faransanci na AZERTY, in na danna A sai Q ta fito, lambobin sama kuma sai an riƙe shift. Ya danna ɗan idon nan da ke nuna abin da ka rubuta, na ga shirmen da nake bugawa, kunya ta kama ni, shi ko dariya bai yi ba.

Na tambaye shi ɗaya nau'in wifi na 5 GHz fa, tunda boks ɗin yana da shi, ya ce katina tsoho ne ba zai gani ba, kuma ko da ya gani bangon siminti na rage masa ƙarfi fiye da 2.4, ni kuma a ɗaki nake aiki. Ya ce in na matsu akwai ƙaramin kile na wifi da ake soka wa a USB, amma kar in ɓata kuɗina yanzu. Mai gyara ya hana ka kashe kuɗi, yaushe rabon da in ga haka.

Jaka biyu ya nema, na ƙara masa ɗari biyar na moto. Fayil ɗina ko ɗaya bai taɓa ba. Wata guda ke nan, an ɗauke kuran ban san iyaka ba, kuma duk dawowa laftop tana kamawa da kanta. Saura dai in ja masa kunne kan alkawarin lokaci kafin in tura shi gidan surukina, don tsohon ba ya jiran kowa.