PS4 Slim ta hannu a gidan gem na ƙauye: har yanzu tana biyan kuɗinta?

Duk mai son buɗe gidan gem a gari irin Ɓaɓura, Kiyawa ko Tsanyawa, inda wutar nefa sai an yi sa'a, intanet kuma sai an laluba, na'urar da ta fi dacewa da shi har gobe ita ce PS4 Slim ta hannu, wato siririyar PlayStation 4 ta kamfanin Sony. Ba wai ta fi Xbox One inji nesa ba kusa ba ne, ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, duka kamfanin AMD ne ya ƙera musu ƙwaƙwalwa. Abin da ya raba su shi ne yawan wasanni da faifai da kayan gyara a kasuwa, kuma wannan ba daga sama ya faɗo ba.

Sony ta ji jiki a zamanin PS3, domin injinta mai suna Cell ya wahalar da masu ƙirƙirar wasanni. Da za ta yi PS4 sai ta fara jin ta bakinsu, ta gina na'ura mai tsarin kwamfuta. A 2013 ta sa mata dala 399, Xbox One na kan 499. Microsoft mai Xbox kuma ta ƙara wa kanta gishiri a miki da shirin taƙaita sayar da faifan hannu da tilasta leƙa intanet kullum. Mutane suka yi mata ca, ta janye, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. An sayar da PS4 sama da miliyan 110, kamfanin wasa kuwa kamar ɗan koli yake, inda kasuwa ta cika nan yake baje haja.

Sauran aikin kuɗi ne ke yin sa. Kamfanin da ya ƙera na'ura yana cin kashi 30 cikin 100 na wasan da aka saya a shagonsa na intanet, saboda haka ba ya jin ƙyashin zuba jari don ya janyo wasa gidansa. Sony ta sa kuɗi a aikin Street Fighter V na 2016, shi ya sa bai taɓa hawa Xbox ba. Wani lokaci jinkiri kawai ake saye: Rise of the Tomb Raider ya fito a Xbox a 2015, masu PS4 sai da suka jira kusan shekara. In abin ya yi tsamari sai a saye kamfanin ɗungurungum, kamar yadda Sony ta yi wa Insomniac masu Spider-Man a 2019, Microsoft kuma ta haɗiye Activision masu Call of Duty a 2023 kan kusan dala biliyan 69.

To amma mai shago kada wannan ya ruɗe shi. God of War da Spider-Man, waɗanda ake kuranta PS4 da su, wasannin mutum ɗaya ne: yaro guda ya riƙe hannu awa cur, goma na kallo kyauta. Kuɗi a ƙwallo yake, mutum biyu, minti goma, wanda aka ci ya tashi. Ƙwallon kuwa tana hawa kowace na'ura, rigimarta ta lasisi ce tsakanin EA mai wasan FIFA da Konami mai wasan PES. A 2018 Gasar Zakarun Turai ta bar PES ta koma FIFA, shekara ta zagayo Konami ta kama Juventus, shi ya sa a FIFA 20 yara ke ganin wata ƙungiya wai ita Piemonte Calcio da Ronaldo a ciki. Wanda ba shi da intanet ya riƙe faifan PES 2021 da kyau, don eFootball da ya gaje shi ba ya sakin jiki sai da data. FC 24 da FC 25, wato sabon sunan FIFA, duk sun fito a PS4.

Rauninta shi ne kamfanoni sun fara juya mata baya. Mortal Kombat 1 na 2023 ya tsallake ta, GTA VI ma PS5 da sabuwar Xbox aka ce. Mortal Kombat 11 da GTA V dai suna nan daram.

Wajen saye, ko a Sabon Gari ko titin Beirut a Kano, a duba lambar da ke jikinta. CUH-2000 zuwa 2200 ita ce Slim, ta fi ta farko sanyi da ƙarancin shan wuta, wajen wat 80 lokacin wasa, don haka ƙaramin janareto ko sola mai inbata zai ɗauke ta da talabijin. A sa faifai a buga minti ashirin a gaban mai kaya. In fanka ta fara ƙugi kamar injin niƙa, ƙura ta toshe ta ko man da ke kan injin ya bushe. A girgiza wayar HDMI a hankali. Hoto ya ɗauke, ramin ya kwance, gyaransa sai mai walda na gaske. A saki sandar hannu a ga ko ɗan wasa na tafiya shi kaɗai.

Babban tarko shi ne wasannin da ake cewa "an loda a ciki". Da asusun wani aka saye su, ranar da ya cire na'urarka daga matsayin babbar na'urarsa kuma ta leƙa intanet, sai ka ga alamar kwaɗon kulle ƙofa a kan kowane wasa. Faifai ya fi tsada, amma naka ne.

Janareto ya mutu ana tsakiyar wasa kan rikita ma'ajiyarta. In ta ƙi tashi daidai, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa bakwai har ta yi ƙara ta biyu, a jona hannun wasa da ita ta wayar cajinsa, a zaɓi sake tsara ma'ajiyar bayanai. Wasanni ba sa gogewa. Ƙaramin UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, yana raba mutum da wannan. A ɗora ta kan tebur, ba ƙasa ba, a bar tafin hannu tsakaninta da bango, da hunturu a riƙa share ramukan iska duk mako da busasshen buroshi, a rufe ta da ƙyalle bayan ta huce, don kyankyaso na son ɗumin cikinta kuma shi ke ƙona akwatin wutarta.